Tambaya da Amsa: Yaushe Ya Zama Dole Gwamnati Ta Sa Baki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai nazarin kimiyyar siyasa, kuma mun daɗe muna jayayya da abokan karatuna. Wasu na cewa duk abin da gwamnati ta sa wa hannu sai ya lalace, wasu kuma na cewa in ta janye hannunta, mai ƙarfi zai danne marar ƙarfi. Shin akwai ma'aunin da za a bambance dokar da ta zama dole da wadda ta zama katsalandan?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai ma'auni, kuma farkonsa shi ne a duba wanda cutar za ta faɗa wa. Idan mutum biyu masu hankali suka ƙulla ciniki, kowannensu ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa, aikin hukuma bai wuce ta tabbatar an cika alkawari, ta kuma raba gardama idan ta taso ba. Amma idan ribar ta tafi ga masu cinikin, illar kuma ta sauka a kan wanda ba a yi shawara da shi ba, to an shiga hurumin doka.

A watan Disamba na 1952, hayaƙin kwal da ake ƙonawa a gidaje da masana'antu ya lulluɓe birnin Landan har kwana biyar, kuma ƙiyasin farko ya nuna mutum kusan 4,000 ne suka mutu, bincike na baya ma ya kai adadin wajen 12,000. Abin lura shi ne babu wani magidanci da zai iya magance wannan shi kaɗai, domin wanda ya kashe murhunsa don tausayin jama'a zai kwana cikin sanyi, kuma duk da haka zai shaƙi hayaƙin maƙwabtansa. Sai dai kowa ya daina a lokaci guda, wanda kuwa zai iya tilasta hakan hukuma ce kawai. Dokar tsabtace iska ta 1956 ta ba da damar keɓe unguwannin da aka hana ƙona makamashi mai hayaƙi, ta kuma tanadi tallafi ga masu gidaje don su sauya murhunansu, wanda a ganina shi ne ɓangaren da ya fi nuna hikima, saboda hani ba tare da mafita ba yakan haifar da karya doka ne.

Wuri na biyu shi ne inda mai saye ba shi da hanyar gane abin da ake sayar masa. Wanda ya sayi takalmi zai iya juya shi ya duba ɗinki, amma mai juna biyu da aka miƙa wa ƙwayar magani ba ta da yadda za ta san abin da zai yi wa ɗan da ke cikinta. Maganin thalidomide, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, aka kuma riƙa ba masu ciki don laulayi da rashin barci, ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa a ƙasashe da dama. A Amurka, wata jami'ar hukumar kula da abinci da magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi amincewa da shi saboda hujjojin da kamfanin ya kawo ba su gamsar da ita ba, kuma a 1962 aka tsaurara doka, aka wajabta wa kamfanoni su tabbatar magani yana aiki kafin ya shiga kasuwa. Masu cewa kasuwa za ta hukunta mugun kamfani ba su yi ƙarya ba, amma hukuncin yakan zo bayan ɓarna ta riga ta auku.

Na uku shi ne babakere, inda kamfani ɗaya ya mamaye harka har mai saye ya rasa wurin gudu, kamar yadda kotun ƙolin Amurka ta raba kamfanin mai na Standard Oil gida 34 a 1911.

To sai dai, Malam, abokanka na ɓangaren farko suna da gaskiyar da bai kamata a raina ba: samuwar matsala ba ta nufin gwamnati za ta iya gyara ta. Kafin sauye-sauyen 1991, ɗan kasuwa a Indiya sai ya nemi lasisi kafin ya buɗe masana'anta, ko ya ƙara yawan abin da yake ƙerawa, tsarin da aka yi shi don kare talaka amma ya zama ƙofar cin hanci da kariya ga manyan da suka riga suka samu izini. A Kanada kuma, hukuma ce ke ƙayyade yawan kifin da za a kama a tekun Newfoundland, amma ta yi ta ba da izinin kama fiye da abin da tekun ke iya mayarwa, har a 1992 aka rufe kamun wani nau'in kifi da ake kira cod, dubban mutane suka rasa sana'a. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa wani lokaci jama'a kan tsara wa kansu ƙa'idar da ta fi ta hukuma tasiri. Ta kawo misalin wani ƙauye a Suwizalan da ya yi ɗaruruwan shekaru yana kiyaye makiyayarsa da sharaɗi guda: kada mutum ya kai shanu makiyayar gari fiye da adadin da zai iya ciyarwa da kansa a lokacin hunturu. Saboda haka duk mai neman sabuwar doka sai ya nuna wanda zai aiwatar da ita, da wanda zai sa ido a kan mai aiwatarwar, don kada garin neman gira a rasa ido.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce mai riƙe da gida. Idan kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, me zai hana gwamnati ta ƙayyade farashi kawai kowa ya huta?

AMSA: Malama, abin da za a fara bincika shi ne dalilin tsadar. Ya zo a hadisin Anas cewa kaya sun yi tsada a zamanin Manzon Allah (SAW), mutane suka nemi ya yanka musu farashi, bai yi ba, alhali kuwa ya yi hani mai tsanani ga ɓoye kaya. Daga nan ne malamai da yawa suka bambance tsadar da ƙarancin kaya ya kawo da wadda 'yan kasuwa suka haɗa baki suka ƙirƙira. Idan ƙaranci ne, tilasta farashi ƙasa da kuɗin da aka kashe wajen samar da kaya yakan sa su ɓace daga kantuna su koma kasuwar bayan fage, kamar yadda aka gani a Benezuwela bayan ta fara ƙayyade farashi a 2003, inda dogayen layuka suka zama ruwan dare. A irin wannan hali, abin da ya fi amfani shi ne a buɗe hanyar shigowar kaya, a kuma tallafa wa marasa ƙarfi kai tsaye. Idan kuwa ɓoye kaya ne ko haɗin baki, wajibi ne hukuma ta hukunta masu yi. Haka nan a harkokin da ba a iya samun gasa a cikinsu, irin su ruwan famfo da layukan wutar lantarki, inda ba zai yiwu a ja bututu ko waya biyu zuwa kowane gida ba, ƙasashe da yawa, har da masu bin tsarin jari-hujja, suna da hukumar da ke duba kuɗin da kamfani ya kashe kafin ta amince da abin da zai caji jama'a.