Gilashin da bai nuna komai ba

Ɗana, ka tambaye ni game da karen mafaraucin nan da aka kawo mana daga wajen Abalak: jiki zafi rau, digiri 40 da ɗoriya, dasashi fari fat, fitsari kamar ruwan shayi mai ƙarfi, amma ka shafa jini a gilashi ka duba a mikroskop ba ka ga komai ba. Kana so ka sani ko za ka ce wa mai shi ba ciwon kaska ba ne, ko kuwa ka yi masa allurar Berenil, maganin kashe ƙwayoyin cuta na cikin jini, a huta.

Kada ka yi ko ɗaya. Fara gaya mini, daga ina ka ɗebi jinin? Na san daga jijiyar ƙafa ne, don can ya fi sauƙi. To ƙwayoyin jinin da Babesiya, ƙwayar cutar da kaska ke sa wa kare, ta shiga sun fi taruwa a ƙananan jijiyoyi. Ka aske bakin kunne, ka goge, ka bari ya bushe, ka soka da tsinin allura, ɗigon farko shi kake so. Ka ja shi siriri, ka bar shi ya sha iska, ka kafe shi da metanol, sannan ka rina shi da ruwan rinin Giemsa. A nan Tawa ƙura ce abokiyar gabarmu, balle lokacin hunturu. Ka rufe gilashin, ka tace ruwan rinin, in ba haka ba za ka ga ɗige-ɗige ka ɗauka cuta ce.

Kuma kada ka tsaya tsakiyar shafin inda jini ya yi kauri. Ka bi gefe-gefe da wutsiya, da idon mikroskop mai girmama abu sau 100, wanda ake ɗiga wa mai. Babbar Babesiya tana zama biyu-biyu cikin jan ƙwayar jini, kamar ɗigon hawaye guda biyu da suka haɗa tsini, tsawonta bai wuce maikron 4 zuwa 5 ba. Wani lokaci sai ka wuce ɗaruruwan ƙwayoyi kafin ka ci karo da ɗaya. Minti biyu ba dubawa ba ce. Ni sai na yi minti ashirin a kan gilashi guda kafin in buɗe baki.

Ka leƙa fararen ƙwayoyin jini kuma. In ka ga wani abu dogo kamar kafso kwance a ciki, wannan Hepatozon ne, wata ƙwayar cuta dabam. Shi ba cizo ke kawo shi ba, kare ne ke haɗiye kaskar yana susa da haƙori.

Akwai abin da mu na Ader da Azawak bai kamata mu manta ba: raƙuma. Ka tambayi mai karen ko yana ba shi ɗanyen naman raƙumi ko kayan cikin dabbar da ta mutu. Ƙwayar sammoren raƙumi tana kama kare ta wannan hanya, ko ta cizon manyan ƙudaje, kuma sau da yawa idonsa yakan yi hazo. Ita ba ka buƙatar rini: ɗigon jini sabo, ka ɗora murfin gilashi, za ka ga tana wutsil-wutsil tana ture ƙwayoyin jini. In ba ta da yawa, ka sa jinin a siririn bututu, ka juya shi a injin juya jini, ka duba farin layin da ke tsakanin jajayen ƙwayoyi da ruwan jini. Nan take ka karanta kaurin jinin, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikinsa. Lafiyayyen kare yana tsakanin 37 da 55 cikin ɗari. In ya faɗo ƙasa da 15, rai ake ceto, ba sunan cuta ake nema ba.

Batun Berenil kuwa, na taɓa yin wannan gaggawar ina saurayi. Na yi wa wata karya allura, washegari ban ga sauƙi ba na ƙara. Kwana biyu ta fara tangaɗi, wuya ya sanƙare, ta mutu a hannuna. Har yau ina ganin fuskar mai ita. Kare ba saniya ba ne, maganin yana taɓa masa ƙwaƙwalwa. Sai an auna nauyi a sikeli, kuma ba a maimaitawa kusa-kusa.

Yanzu ka je ka sake ɗiba daga kunne, da yamma ka ƙara, gobe da safe ma haka. Ka cire kaskar da ke kunnuwa da tsakanin yatsu, ka aje kaɗan a kwalba da alkol. In sau uku ba mu ga komai ba, mu sa jini a bututu mai murfi shuɗi-ja, cikin ƙanƙara, mu aika Yamai a gwada. Kawo gilashin farko in gani tukuna.