Amsa: Gidan tsoratarwa na Halloween, ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, ka ce kana Amurka kana son buɗe gidan tsoratarwa matsakaici (inda mutane ke biya su shiga a tsorata su don nishaɗi) na bikin Halloween da ake yi ranar 31 ga Oktoba, kuma baka taɓa yi ba, to shawarata kar ka fara da sayen ƙwarangwal da abin rufe fuska tukun, fara da ofishin 'yan kwana-kwana na garinku. Su ne zasu duba ginin su baka izini ko su hana, kuma basa wasa da wannan harkar tun gobarar 1984 a wurin shaƙatawa na Six Flags a jihar New Jersey da ta kashe matasa 8 a cikin irin wannan gidan. Zasu tambayi ƙofofin gaggawa, fitilun nuna hanyar fita, na'urar feshin ruwa, sannan baƙar ledar nan da mutane ke lulluɓe bango da ita zasu sa ka cire don wuta take ci kamar fetur. Inshora ma dole, wani zai razana ya faɗi ya karye.

Lokacin ma gajere ne, kusan ƙarshen mako na watan Oktoba ne kawai zuwa ranar 31, hayar wuri kuwa ba zata jira ka ba. Ni dai da zaka ji tawa, bana ka nemi aiki a gidan tsoratarwa na wani ka ga yadda ake sakin mutane rukuni-rukuni, da yadda mai tsoratarwa ke fitowa ta bayansu don su ruga gaba layi ya tafi. In da hali ka je baje kolin kayan Halloween na TransWorld a birnin St. Louis, masu sana'ar duk can suke haɗuwa.