Tambaya da Amsa: Wa zai fara wasa, wa zai ci benci a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka

Salamu alaikum jama'a. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan ƙwallon kwandon jami'a ne, da alama masu hana ido barci har ƙarfe uku na dare sun fi yawan da nake zato. Na tsamo huɗu, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah ka raba mu gardama ni da abokina. Kafin a fara kakar 2024-25 kowannenmu ya rubuta mutum biyar da yake ganin ƙungiyar jami'ar Duke za ta riƙa fara wasa da su. Ni na sa Tyrese Proctor, Caleb Foster, Kon Knueppel, Cooper Flagg da Khaman Maluach, kuma ranar wasan farko su ɗin aka fito da su cif. Shi kuma ya sa Sion James a wajen Foster, na yi ta tsokanarsa, kawai sai ga shi a Disamba James ya karɓe wajen har ƙarshen kaka. To wa ya ci a cikinmu? Kuma wai ta yaya ake wannan hasashen ne ba da ka ba?
Daga wani ɗalibi a Zariya

AMSA: Ƙanena, ba za ka ji daɗi ba amma abokinka ne ya ci. Kai ka canki daren farko, shi ya canki kakar gaba ɗaya, Duke ta buga wasa 39 a shekarar, ta ci 35 ta sha kaye 4, kuma mafi yawansu James ne a fili lokacin da aka jefa ƙwallo sama. Ka saya masa shayi da ƙwai a rufe maganar.

Amma ni abin da nake so ku gane ku biyun shi ne tambayar kanta da kuka yi gardama a kai ba a nan gizo ke saƙar ba. Biyar ɗin farko su ake kira da lasifika, su ake haskawa a talabijin, shi ya sa ido ke kansu, amma koci ba da sunaye yake lissafi ba, da minti yake yi. Wasan maza na jami'a minti 40 ne, rabi biyu kowanne minti 20, mutum biyar a fili, kaga kenan minti 200 ne a hannun koci duk dare in ba an je ƙarin lokaci ba. Ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Duk mintin da ka ba wani to daga bakin wani ka cire shi. Saboda haka in za ka yi hasashe ka ɗauko takarda ka rubuta 200 a sama, ka fara rabawa, za ka ga da kanka yadda tuwon ke ƙarewa tun ba a zo kan mutum na tara ba.

Mu gwada da Duke ɗin taku. Flagg, Knueppel da Proctor kowannensu ya tashi da wajen minti 30 a wasa, 90 kenan sun tafi a hannun mutum uku. James wajen 25. Maluach kuma, yaron Sudan ta Kudu da ya taso a Yuganda ya bi ta makarantar horo da NBA, wato gasar ƙwararru ta Amurka, ta buɗe a Senegal, shi yana cikin masu farawa tun daga ranar farko amma mintinsa 21 ne da ɗan ɗoriya. Haɗa duka za ka samu kusan 136. Saura sittin da 'yan kai, kuma a kansu ne Maliq Brown da Mason Gillis da Isaiah Evans da shi Foster da Patrick Ngongba ke ta kokawa. Ka ga mutum biyar a kan abin da bai kai cikin mutum uku ba.

Abin da ya sa James ya ture Foster kuwa ba wani sihiri ba ne, kuma na tabbata abin da abokinka ya hango kenan ko bai iya faɗa ba. James ya zo daga Tulane bayan shekara huɗu yana buga wasa a can, ƙato ne mai ƙirji, yana tsare gida, ba ya neman ƙwallo ta daɗe a hannunsa. Ƙungiyar da take da yara uku 'yan shekarar farko a cikin biyar, Flagg ma shekararsa 17 lokacin da aka fara kakar, kocinsu Jon Scheyer ba ƙarin mai jefawa yake nema ba, dattijo yake nema da zai riƙe yara in wasa ya yi zafi. Wannan ita ce tambayar da nake yi kullum kafin in rubuta suna: me wannan biyar ɗin suka rasa, kuma wa ke zaune a benci da shi a aljihu? Ba wai wa ya fi suna daga sakandare ba.

Sai abu na biyu, dogayen da ke ƙarƙashin kwando kar ka taɓa ba su minti 30 a takardarka in sababbi ne. A jami'a fawul biyar ake fitar da mutum, ba shida ba kamar NBA, kuma kociyoyi da yawa da ɗan wasa ya yi fawul biyu a rabin farko sai su zaunar da shi har a dawo hutu. Yaro dogo ɗan shekara 18 da ke tsalle a kan duk ƙwallon da ya gani, wallahi fawul biyu ba ya masa wuya. Ga gajiya kuma, ɗaukar wannan jikin a yi ta sama da ƙasa da shi ba wasa ba ne.

Na uku kuma ka bar gurbin ciwo. Brown ya yi fama da gwiwa, sannan kafaɗarsa ta goce, mintinsa dole wani ya kwashe. Ba wanda zai iya cewa ga wanda zai ji ciwo, amma kakar da za ta fara daga Nuwamba zuwa Maris ba a gama ta lafiya ƙalau duka, don haka mutum na takwas da na tara a takardarka kar ka ba su sifili.

TAMBAYA: Yaya barka da war haka. Ni abin da ban gane ba, tunda kowace ƙungiya tana da 'yan wasa fiye da goma me zai hana koci ya raba minti daidai, kowa 20, ba wanda zai gaji ba wanda zai yi fushi?
Daga wata mai kallo a Maraɗi

AMSA: Ƙanwata ai an gwada, kuma wanda ya gwada ba ƙaramin mutum ba ne. John Calipari a Kentucky kakar 2014-15 ya tara taurarin da suka fi ƙarfin minti 200, sai ya raba su gida biyu, biyar su shiga su yi 'yan mintuna, a busa, biyar su fita gaba ɗaya wasu biyar su shigo kamar masu canjin aiki a masaƙa. Rukunin farko tagwayen nan Andrew da Aaron Harrison, Alex Poythress, Willie Cauley-Stein da Karl-Anthony Towns. Na biyu Tyler Ulis, Devin Booker, Trey Lyles, Marcus Lee da Dakari Johnson. A Disamba Poythress ya tsinka jijiyar gwiwa, tsarin ya fara sassautawa, kuma da aka zo wasannin a-mutu-ko-a-yi-rai na gasar Maris, wato gasar cin kofin jami'o'in ƙasar, shi ma Calipari waɗanda ya fi yarda da su ya riƙa bari a fili. Sun ci wasa 38 a jere ba a taɓa su ba, sai Wisconsin ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe 71 da 64.

Abin da ke ba ni dariya a wannan ƙungiyar, Towns minti 21 kawai yake samu a wasa amma shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA na 2015. Booker kuwa daga benci yake tasowa duk kakar, Phoenix ta ɗauke shi na 13, yau waye bai san shi ba.

To amma Kentucky ɗin nan ba a samun irinta kullum. Yawancin ƙungiyoyi tazarar da ke tsakanin gwaninsu da mutum na goma kamar sama da ƙasa ce, in kika raba daidai kin cire gwani kin sa ɗan koyo rabin wasa kenan, kuma koci aikinsa ne a kan layi. Shi ya sa za ki ga a Nuwamba ana wasa da mutum goma ana gwaji da ƙananan makarantu, zuwa Maris an koma bakwai ko takwas. North Carolina ta 2022 ma ta wuce nan, kocinsu Hubert Davis kusan mutum biyar ya riƙe, RJ Davis, Caleb Love, Leaky Black, Brady Manek da Armando Bacot, da su ya je har wasan ƙarshe, suka tafi hutu suna gaban Kansas da maki 15, aka dawo Kansas ta cinye 72 da 69. Ni dai a ganina ƙafafu ne suka ƙare, ko da yake magoya bayansu za su ce miki ciwon da Bacot ya ji a idon sawu ne, kuma su ma ba ƙarya suka yi ba.

TAMBAYA: Malam shin azumi yana rage wa ɗan wasa minti? Na ga gasar Maris tana haɗuwa da Ramadan a 'yan shekarun nan.
Daga Kumasi

AMSA: Ba dole ba ne ɗan'uwa. A 2023 Adama Sanogo ɗan Mali yana azumi a tsakiyar gasar, ƙungiyarsa ta jami'ar UConn ta ɗauki kofi bayan ta doke San Diego State 76 da 59, kuma shi aka ba gwarzon gasar. Sai dai ka lura da gatan da ya samu, a bayansa akwai Donovan Clingan, wani zabgegen yaro ɗan shekarar farko da ke karɓar wajen minti 13 a wasa, Sanogo na yin wajen 26, su biyun suka cike kusan minti 40 na gurbin dogon da ke ƙarƙashin kwando ba tare da an matse kowa ba. Wannan rabon tun kafin azumi haka yake. Lokacin wasan ma yana da tasiri, wanda aka fara bayan an sha ruwa daban da na rana tsaka.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ɗan yayana ne ya samu gurbi a wata ƙaramar jami'a a Amurka ta hanyar ƙwallon kwando. Kafin ya tafi an nuna masa zai riƙa wasa, yanzu rabin kaka ta wuce in ya shiga minti uku ne ko huɗu a ƙarshe bayan an gama cin wasa ko an gama shan kaye. Uwarsa kullum kuka, shi kuma yana cewa zai canja makaranta. Me za mu ce masa?
Daga wani kawu a Kaduna

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara girma, ka fara kwantar wa Hajiya da hankali, abin da yaron ke gani shi ne abin da mafi yawan 'yan shekarar farko ke gani. Mu da ke karanta labarin irin su Flagg sai mu ɗauka kowa haka yake sauka daga jirgi ya faɗa fili, alhali waɗannan 'yan ƙalilan ne. Hakeem Olajuwon da ya bar Legas ya je jami'ar Houston a 1980 shekararsa ta farko bai buga wasan gasa ba sam, ta biyu kuma yawanci daga benci kocinsa Guy Lewis ke taso da shi. Da hutu ya zo sai ya riƙa zuwa wani ɗakin wasa a garin yana gwabzawa da Moses Malone wanda a lokacin gwarzo ne a NBA, yana shan gwiwar hannu yana koyo. Bayan nan Houston ta je wasan ƙarshe sau biyu a jere, 1983 da 1984, kuma a 1984 shi aka fara ɗauka a NBA, a shekarar da aka ɗauki Michael Jordan na uku. Ba ina cewa ɗanku Hakeem ba ne, kar a je a ce na faɗa.

Canja makaranta yanzu ya yi sauƙi, tun 2021 aka cire dokar da ke sa wanda ya canja ya zauna shekara guda ba wasa, shi ya sa duk bazara yara ke ta shiga rajistar masu neman sauyi. Amma sauƙin nan kaifi biyu ne da shi, yadda shi zai iya fita haka kocinsa zai iya kawo ɗan shekara 23 daga wata makaranta ya ɗora a gurbinsa, kuma ba duk wanda ya shiga rajistar ke samun wajen sauka ba, ga shi tallafin karatunsa da bizarsa duk a jikin makaranta suke rataye.

Kafin ya yanke hukunci ku sa shi ya yi lissafin nan da na ba ɗalibin Zariya. Ya rubuta waɗanda ke gabansa a gurbinsa, minti nawa kowa ke ci, su wa za su gama karatu a bana. In mutum biyu da ke gabansa duk 'yan shekarar ƙarshe ne, to minti talatin ko fiye za su zube a ƙasa a kaka mai zuwa, barin wajen wauta ce. In kuwa sa'anninsa ne kuma koci ya riga ya ɗauko wani sabo a gurbin, to maganar tafiya tana da hujja. Sannan ya je ofishin koci da kansa, ba ta waya ba, ya tambaye shi abu ɗaya tak da zai gyara don ya samu minti goma. Sau da yawa amsar ba ta wuce tsaron gida ko sanin inda zai tsaya in an kira tsari, don yaran da suka fara ƙwallon a makare nan ne suke tuntuɓe, ba a tsalle ba. In koci ya ba shi amsa takamaimai ya riƙe ta. In ya yi ta kewaye-kewaye, ku rubuto mini bayan Maris mu sake duba takardar tare.