Dattijon da Waswasi ya Haɗu Masa da Taɓin Hankali: Yaya Sallarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, daga Gwammaja nake. Mahaifinmu ya manyanta, ya daɗe yana shan maganin taɓin hankali mai sa jin muryoyi, wato sikizofireniya. Yanzu kuma sai ya ƙarar da buta uku a alwala ɗaya, ya yi ta maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, halin Baba biyu ne, kowanne da hukuncinsa.

Lokacin da ciwon ya taso har hankali ya gushe, an ɗauke masa alƙalami, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawud. A mazhabarmu ta Malikiyya ba zai rama sallar da lokacinta ya fita yana haka ba, amma zai rama azumi. In ya dawo hayyacinsa ya sake alwala.

Idan kuwa hankalinsa na nan, waswasi ne kawai, to shi ne malamai ke kira mustankihi: wanda kokwanto ke zo masa kullum, ko da sau ɗaya ne a yini. A asali shakkar kari, wato kokwanton ko alwala ta karye, tana warware alwala a wurinmu, amma littafin fiƙihu na Mukhtasar ya keɓe mustankihi daga wannan hukunci. Risala, ita ma littafin fiƙihu, ta ce ya watsar da shakkar sallah, ya yi ba'adi kawai. Wanke kowace gaɓa sau ɗaya ya isar masa. Ku zuba masa ruwa daidai alwala ɗaya, wani ya tsaya kusa ya ce "ta yi", sau ɗaya tak. Yawan tabbatar masa ƙara wa waswasin ƙarfi yake.

Ga yadda ake bambancewa: mai waswasi yakan san tunanin nasa ne, yana kuma damunsa. Wanda ke rantsuwa wani ne ke zuba masa najasa, ko murya ce ke umartarsa, wannan tsohon ciwon ne ya motsa.

Ku mayar da shi wurin likitansa, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Wasu magungunan, musamman kulozafin, su da kansu suna tayar da waswasi, kuma sabon hali irin wannan a tsufa yana sa a binciki ciwon mantuwa. Maganin waswasi yakan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa, kuma da kaɗan ake fara wa tsoho. Ruƙiyya halal ce, amma bai halatta ku tsayar masa da magani saboda ita ba, balle ɗauri ko duka da sunan cire aljani.

Wallahu a'alam.