Ƙwaya ce ke kisa a unguwannin Amurka, ko kasuwarta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Kano. Ina yawan gani a labarai cewa unguwannin tsakiyar biranen Amurka, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, sun yi ƙaurin suna wajen sayar da ƙwaya da harbe-harbe. Shin shan ƙwayar ne ke gusar wa mutane da hankali har su riƙa kashe juna? Kuma yaya aka yi ƙasa mai ƙarfi da kuɗi kamar Amurka ta kasa shawo kan abin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yawancin jinin da aka zubar a waɗannan unguwanni a kan cinikin ƙwaya aka zubar da shi. Wanda maye ya ɗebe shi ya yi kisa akwai shi, amma kasonsa kaɗan ne. An ma auna wannan. Wani masani mai suna Paul Goldstein da abokan aikinsa sun bi diddigin kashe-kashe sama da 400 da aka yi a birnin Niyok a 1988, lokacin da abin ya fi ƙamari. Fiye da rabinsu suna da alaƙa da ƙwaya, kuma a cikin waɗannan kusan kashi uku cikin huɗu rikicin kasuwa ne: an ci wa wani iyaka, an hana bashi, an sayar da jabu, yaro ya gudu da kuɗin ubangidansa, ko an yi wa dillali fashi. Waɗanda suka yi kisa cikin maye ba su da yawa, kuma akasarinsu giya suka sha.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan aka cuci ɗan kasuwa a Kantin Kwari, yana da shugabannin kasuwa, yana da 'yan sanda, yana da alƙali. Mai sayar da hodar iblis ba shi da ko ɗaya. Ba zai je caji ofis ya ce an sace masa kaya ba. Abin da kawai zai hana a taɓa shi gobe shi ne a san cewa wanda ya taɓa shi jiya bai ji da daɗi ba. A ƙasar da bindiga ke da saukin samu kuwa, ka san inda zancen zai ƙare.

Sai batun me ya sa a waɗannan unguwanni. Daga wajen 1910 zuwa 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 suka bar jihohin kudu, suna gudun wariyar launin fata, suka nufi Shikago da Ditiroit da Niyok da Filadelfiya da sauran biranen masana'antu. Da suka isa, ba a bar su sun zauna inda suke so ba. A shekarun 1930 hukumomin gwamnatin tarayya sun zana taswirar birane, suka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, alamar cewa ba da bashin gida a nan kasada ce, bankuna kuma suka bi sahu. Sai a 1968 aka yi dokar da ta haramta nuna wariya wajen sayar da gida ko ba da haya. Kafin nan Turawa masu hali sun kwashe sun koma sababbin unguwanni a bayan gari, harajinsu ya bi su, daga baya masana'antun ma suka rufe ko suka ƙaura. Ditiroit tana da mutum kusan miliyan 1.8 a 1950. A ƙidayar 2020 ba su kai 640,000 ba. Baltimo ta sauko daga kusan 950,000 zuwa ƙasa da 600,000. Masana'antar ƙarfe ta Sparrows Point da ke gefen Baltimo ta taɓa ɗaukar ma'aikata wajen 30,000, ta yi ta raguwa har aka rufe ta a 2012. Uban da ya ciyar da iyali da albashin masana'anta ba tare da takardar jami'a ba, ɗansa ya taso ya tarar babu wannan ƙofar.

A kan wannan fili ne kirak ta sauka, wajen 1984 zuwa 1985, a Los Anjalis da Mayami da Niyok. Kafin ita, hodar iblis kayan masu kuɗi ce, ana shaƙa ta hanci a gidajen shagali. Sai ta yi yawa daga Kolambiya, farashinta ya faɗi, aka kuma gano cewa idan aka dafa ta da ruwa da bekin soda, hodar nan ta yin kek, tana daskarewa ta zama tsakuwa da ake fasawa a zuƙa kamar taba, ita ce ake kira kirak. Kowane ɗakin girki ya isa ya zama wurin haɗa ta. Ana zuba 'yan tsakuwoyin a ƙananan kwalabe, a sayar dala 5 ko dala 10. Mayenta na zuwa cikin daƙiƙoƙi, ya wuce cikin minti goma ko ƙasa da haka, mai sha ya sake dawowa. Wato mutum ɗaya zai iya zuwa sayayya sau da yawa a yini. Wannan ne ya mayar da kwanar titi dukiya: wanda ya riƙe mararraba mai kyau, kusa da babbar hanya ko tashar mota, ya riƙe ciniki na dare da rana.

Ka dubi yadda kwanar titi ɗaya take aiki. Akwai yaro a can bakin layi, wani lokaci a kan keke, aikinsa ya yi ihu idan ya hango motar 'yan sanda. Akwai mai kiran masu saye yana faɗin sunan kayan yau. Wani ne ke karɓar kuɗi, ya yi alama da yatsu, wani dabam ya je ya ɗauko daga inda aka ɓoye, a cikin kangon gida ko ƙarƙashin tayar mota ko cikin ledar shara. An raba aikin ne don kada a kama mutum ɗaya da kuɗi da kaya tare. Manya kan fi son yara 'yan shekara 14 ko 15, domin hukuncin kotun yara ya fi sauƙi. Masu saye kuwa da dama cikinsu ba 'yan unguwar ba ne. Da mota suke shigowa daga bayan gari, su sauke gilashi, su karɓa, su koma gidajensu masu shiru.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga tambayarka. Binciken da gwamnatin Amurka ke yi duk shekara ya daɗe yana nuna cewa baƙaƙe da Turawa ba su da wani babban bambanci wajen shan miyagun ƙwayoyi. Bambancin yana wajen yadda ake sayarwa. Ɗan Bature a unguwar masu hali yakan saya daga wanda ya sani, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. A unguwar talakawa ana sayar wa baƙo a fili. Cinikin fili shi ke jawo faɗa a kan wuri, shi ne kuma ya fi sauƙin kamu ga ɗan sandan da ake jiran ya kawo adadi a ƙarshen wata.

Masanin laifuka Alfred Blumstein ya nuna wani abu da ya fi wannan muni. Da yaran da ke ciniki suka fara ɗaukar bindiga, sai abokansu na makaranta da maƙwabta, waɗanda ba ruwansu da ƙwaya, su ma suka ɗauka don tsoro. Faɗan da a da zai ƙare da naushi, a kan budurwa ko kallon raini, ya koma harbi. Kisan da matasa ke yi ya ninka tsakanin 1985 da farkon shekarun 1990. Niyok ta ga kisa 2,245 a 1990. Washinton, fadar ƙasar, mai mutane kusan 600,000 a lokacin, ta ga kusan 480 a 1991.

Kada kuma hotunan sarƙoƙin zinare su ruɗe ka. Steven Levitt da Sudhir Venkatesh sun samu littafin lissafin wata ƙungiyar masu sayar da kirak a Shikago, na shekara huɗu. Shugaban yana samun kuɗi sosai. Yaran da ke tsaye a titi kuwa abin da suke samu bai wuce dala uku da 'yan kai a awa ba, ƙasa da mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke, kuma a tsawon shekarun nan huɗu kusan ɗaya cikin huɗu ake kashewa. Da yawansu a ɗakin iyayensu mata suke kwana, wasu ma suna haɗawa da aikin soya kaza a gidan abinci. Abin da ke riƙe su shi ne burin wata rana su hau kujerar shugaban.

Yanzu ga kashi na biyu na tambayarka. Amurka ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Ta kashe kuɗi masu yawa, sai dai ta zuba akasarinsu a kamu da ɗauri. Shugaba Nixon ya kira shan ƙwaya babban abokin gabar al'umma a 1971, aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta DEA a 1973. A watan Yunin 1986 wani matashin ɗan ƙwallon kwando, Len Bias, ya mutu bayan ya sha hodar iblis, kwana biyu da ƙungiyar Boston Celtics ta zaɓe shi. Ƙasa ta ɗauki zafi, zaɓe na tafe, majalisa ta yi doka cikin gaggawa: wanda aka samu da laifin safarar giram 5 na kirak, shekara biyar ne mafi ƙaranci, alƙali ba shi da ikon ragewa. Mai hoda kuwa sai ya kai giram 500, rabin kilo ke nan, kafin ya samu wannan hukunci. Sinadarin ɗaya ne, amma an ninka nauyin laifin sau 100. Abin takaici, hoda ce ta kashe Len Bias, ba kirak ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda kotunan tarayya suka hukunta a kan kirak baƙaƙen fata ne.

Adalci ne a faɗi cewa ba Turawa kaɗai suka nemi a tsaurara ba. Iyaye mata da limaman coci da 'yan majalisa baƙaƙe, irin su Charles Rangel na unguwar Harlem a Niyok, sun yi ta kiran a kawo ɗauki, domin su ne ba sa iya zama a ƙofar gida da yamma. Sun nemi 'yan sanda, sun kuma nemi asibitocin warkar da masu shaye-shaye da ayyukan yi. Na farkon ne aka ba su a yalwace. A farkon shekarun 1970 fursunonin jihohi da na tarayya kimanin 200,000 ne. A 2008, idan aka haɗa da na ƙananan gidajen yari, mutum kusan miliyan 2.3 ke tsare. A ganina nan ne babban kuskuren lissafi. Idan ka ɗaure ɗan fashi, ka rage fashi. Idan ka ɗaure mai sayar da ƙwaya a kwana, gurbi ka buɗe, kuma kafin dare wani yaro ya cike shi, wani lokaci bayan an yi harbi a kan wa zai gada. Wanda aka ɗaure kuma ya fito da tambarin tsohon fursuna, babu mai ɗaukar sa aiki. Sai a 2010 Obama ya sa hannu a dokar da ta rage bambancin hukuncin kirak da na hoda daga ninki 100 zuwa ninki 18, a 2018 kuma Trump ya sa hannu a wadda ta ba waɗanda aka ɗaure a ƙarƙashin tsohuwar dokar damar neman a rage musu.

Duk da haka kashe-kashen sun ragu ƙwarai daga tsakiyar shekarun 1990. A 2017 Niyok ba ta kai kisa 300 ba. Masana na ta jayayya a kan dalili. An ƙara 'yan sanda, tattalin arziki ya farfaɗo, ƙannen da suka ga yadda kirak ta mayar da yayyensu da iyayensu suka guje ta suka tsaya a wiwi, wayar hannu kuma ta rage darajar kwana, tunda ana iya yin ciniki a haɗu ko'ina.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin garin High Point a jihar Karolina ta Arewa a 2004, bisa shawarar David Kennedy, wanda ya yi irin wannan aiki da ƙungiyoyin matasa a Boston tun 1996. 'Yan sanda suka zauna suka ƙirga masu sayarwa a unguwar West End, inda kowa ke ganin sun cika ko'ina, sai suka tarar ba su kai 20 ba. Suka ɗauki hotonsu suna ciniki, suka haɗa wa kowa fayil. Masu tarihin tashin hankali aka kama su kai tsaye. Sauran aka gayyace su taro, tare da iyayensu mata da kakanninsu da limaman unguwa. Suna shiga suka ga hotunansu a bango, ga takardar kamu saura sa hannu. Dattawan unguwa suka ce musu: muna ƙaunar ku, amma abin da kuke yi ya ishe mu. 'Yan sanda suka ce: daga gobe duk wanda ya koma titi, za a sa hannu, wanda yake son aiki ko magani, ga masu taimako a ɗaki na gaba. Kasuwar fili ta watse, tashin hankali ya ragu. Shan ƙwaya bai ƙare a garin ba, ba ma shi aka sa a gaba ba. Wasu biranen da suka kwaikwaya sun dace, wasu ba su dace ba, musamman inda aka yi taron sannan aka kasa cika alƙawarin aikin ko na kamun.

A yau fuskar matsalar ta sauya. Magungunan kashe zafi irin su OxyContin, wanda ya shigo kasuwa a 1996, sun kama ƙauyuka da ƙananan garuruwan Turawa, daga nan aka koma hiroyin, sannan fentanil, wanda ake haɗawa a ɗakin sinadarai ana shigowa da shi ta Meziko. Daga 2021 zuwa 2023 fiye da mutum 100,000 ke mutuwa duk shekara saboda ƙwaya ta yi musu yawa, adadin da ya ninka na dukan kashe-kashen ƙasar sau huɗu ko fiye. Sai a wannan karo, da 'ya'yan Turawa suka fara faɗuwa, aka fi jin 'yan siyasa na maganar magani da jinya. Kasuwar fili ba ta ɓace gaba ɗaya ba: a unguwar Kensington ta Filadelfiya har yanzu ana ciniki a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa da rana tsaka, masu aikin agaji na yawo da nalokson, maganin da ake fesa wa mutum a hanci idan numfashinsa ya tsaya, masu saye kuma na sauka daga jirgi daga wasu jihohi.