Akwatin Wutata Ya Ƙi Janareta

Tambaya: Malam, ina da akwatin ajiye wuta, irin babban fawa-bank ɗin nan mai mariƙi, an rubuta 1000Wh a jikinsa, wato yawan wutar da yake ajiyewa. A soket ɗin gida yana caji lafiya lau, amma da na jona shi da ƙaramin janaretana sai ya kama, ya yi ƙas, ya saki, ya sake kamawa. Ya lalace ne? Kuma in na haɗa masa faifan sola biyu, zai cika da wuri?

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, akwatin ƙalau yake, kansa yake tsarewa. Lokacin caji yakan ja wat 500, wani ma sama da 1000. Da wannan nauyi ya faɗa wa ƙaramin inji farat ɗaya sai ya shaƙe, gudunsa ya ragu, saurin bugun wutar ya kauce daga 50Hz ko 60Hz ɗin da akwatin ke jira, shi kuma ya yanke. Yana yankewa injin ya farfaɗo, akwatin ya sake kamawa. Ƙas-ƙas ɗin da kike ji ke nan.

Ki tayar da injin, ki bar shi ya daidaita, ki cire sauran kaya, sannan ki jona. Wasu akwatunan suna da maɓalli ko manhajar waya ta rage saurin caji; ki sauke shi zuwa wat 300 ki gani. In ya ci gaba da gardama, sai janareta mai inbata, don wutarsa ba ta rawa. Ki zare filogi kafin ki kashe inji. Shi kuma injin a waje, nesa da taga: gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Batun sola ne ya fi damuna, don a nan ake ƙona kaya. Kusa da ramin shigar sola, ko a takardar akwatin, akwai iyakar bolt da yake ɗauka, misali 12 zuwa 30. A bayan kowane faifai kuma akwai lambar Voc, wato bolt ɗin da yake fitarwa in ba a jona shi da komai ba, misali 24. In kika haɗa biyu a jere, jar wayar wannan da baƙar wancan, bolt ɗinsu ne ke haɗuwa: 24 da 24 sun zama 48, kin ƙetare iyaka, ƙwaƙwalwar cajin na iya ƙonewa. In ja da ja ne, baƙa da baƙa, bolt na nan a 24, yawan wutar ne ke ƙaruwa, akwatin ya ɗebi abin da zai iya ya bar sauran.

Kada ki yarda da lissafin kwali. Faifan wat 200 yakan ba da kamar 150 a rana mai kyau, wato awa bakwai kafin akwatinki ya cika. Biyu za su kusa raba lokacin, in akwatin yana karɓar wat 300. Ki goge ƙura, ki kula da inuwa, ko ta igiyar shanya ce tana rage wuta. Faifai a rana, akwati a inuwa, domin batirin litiyam in ya yi zafi shi ma yanke caji yake yi.