Amsa: Takardun dandalin cinikin musaya a Amurka

Malam, ka tambayi dalilin da dandalin cinikin musayar kuɗin ruwa a Amurka, wato kasuwannin da ake ƙulla yarjejeniyar da ɓangarori biyu ke musayar biyan kuɗin ruwa a tsakaninsu, ke kukan yawan takardu. Tushen abin rikicin kuɗi na 2008 ne, wanda ya haifar da dokar Dodd-Frank a 2010. Tun 2013 dole dandali ya yi rajista da hukumar CFTC, mai sa ido kan irin wannan ciniki a Amurka, ya bi ƙa'idoji 15. Kowane ciniki, wa ya taya, wa ya sallama, da ƙarfe nawa, sai an adana bayanansa aƙalla shekara 5. Ga kuma jami'in bin doka da rahotonsa na shekara-shekara. Amma a ganina abin da ya fi ci wa ƙananansu tuwo a ƙwarya shi ne tanadar kuɗin gudanar da aiki na shekara guda cur, ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba.